DARASI: KULA DA SARƘAR KEKE

'Yan'uwa manoma, keke shi ne jakin zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun gero kasuwar Gwiwa, shi ke kai marar lafiya asibiti a Kazaure. Amma in sarƙa ta tsinke a hanyar Korayel ko Buntusu, sai turi.

Me ke kashe sarƙa?

Yashi ne babban abokin gabarta. Ƙasarmu rairayi ce, ga kuma ƙurar hunturu. In yashi ya gauraya da mai, sai ya riƙa cin ƙusoshin sarƙa kamar dutsen wasa wuƙa. Da damina kuma ruwa kan sa ta yi tsatsa.

Wanki

1. A wanke ta da kalanzir da tsohon burushi sau ɗaya a wata.
2. A bari ta bushe.
3. A ɗiga mai a kowace gaɓa, ana juya feda baya.
4. A goge ragowar man da tsumma. Mai da yawa yashi yake kira.

Ɗauri

A danna sarƙa a tsakiya. Motsinta sama da ƙasa kada ya wuce rabin inci. In ta yi sako-sako, a sassauta notin tayar baya, a ja tayar baya kaɗan, a daidaita ta, a ɗaure. Kada ta yi tauri ainun, gama hakan ma yana cin ta.

Yaushe za a sake ta?

Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne. A ɗora rula a kan ƙusa ɗaya, a ƙirga 24 gaba. A sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. In ya ƙaru da kashi 1 cikin 8 na inci, ta gama aiki. In aka bar ta, za ta cinye haƙoran firiwil, kuɗin gyara ya ninka.

Wajen sa sabuwa, a gwada ta da tsohuwar, yawan gaɓoɓi ya zama ɗaya. Rufaffen kan ƙaramin makullin sarƙa ya fuskanci inda sarƙar ke tafiya, in ba haka ba zai fita a hanya.

Don taron ƙungiya

1. Kowa ya zo da kekensa a auna sarƙar.
2. Ko ƙungiya za ta iya sayen rula, sifana da filaya, a ajiye wurin ma'aji?

Rigakafi ya fi magani.