Shin Hukuncin Mai Raba Gardama Dole Ne A Kan 'Yan Kasuwa?

Sau da yawa akan gauraya sulhu da tahkimi, alhali kuwa ba ɗaya suke ba. A sulhu, mai shiga tsakani shawara kawai yake bayarwa, wanda bai gamsu ba yana iya kaɗe rigarsa ya tafi. Tahkimi kuwa shi ne mutum biyu su zaɓi wani da yardarsu, su ɗora masa yanke musu hukunci. Tambayar wannan maƙala ita ce: in an yanke, akwai damar ƙi?

A fiƙihun Malikiyya tahkimi ya halatta a sha'anin dukiya, ban da irin su haddi da saki da nasaba, kuma hukuncin da aka yanke yana zartuwa muddin ba zalunci ne bayyananne ba.

Dokar Nijeriya ma kusan nan ta dosa. Dokar 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi cewa idan akwai sharaɗin tahkimi a rubuce cikin kwangila, sa'an nan ɗaya ya garzaya kotu, to in ɗayan ya nema, kotu za ta dakatar da ƙarar ta mai da su wurin mai raba gardama. Wanda ya yi nasara yana iya neman kotu ta zartar masa da hukuncin tamkar nata. Har ila yau, Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958 tun 1970, don haka ana iya bin dukiyarta ko ta ɗan kasuwarta a ƙasashen waje.

Sai dai ƙofar ba a rufe take ruf ba. Cikin wata uku ana iya neman soke hukunci, amma dalilan ƙalilan ne: alal misali, ba a sanar da mutum ba, ko mai hukuncin ya wuce abin da aka ɗora masa. Cewa ya yi kuskure wajen auna hujja ba dalili ba ne, kuma a ganina nan ne masu sa hannu ba karatu suke faɗawa rami.

Shari'ar kamfanin P&ID ta isa misali. A 2017 masu tahkimi a Landan suka yanke wa Nijeriya biyan dala biliyan 6.6 a kan kwangilar iskar gas ta 2010, kuɗin ruwa ya kai da shi wajen biliyan 11. A 2023 Babbar Kotun Ingila ta rushe hukuncin domin an tabbatar da cin hanci da zamba. Kafin nan kuwa ƙasar ta shekara shida da wannan bashi a wuyanta.