Kafin a Shimfiɗa Tayil, a Gwada Magudanar Shawa

'Yan uwana ɗalibai, a hutun da ya wuce muka canza shawar banɗakin gidanmu a Badariya. Kowa hankalinsa na kan sabon kan shawa da launin tayil, babu wanda ya duba bututun da aka binne. Bayan sati uku ruwa ya fara kwanciya, bangon ɗakin Inna ya jiƙe, sai da aka fasa tayil aka sake aiki. Kuɗi biyu ke nan. Ga abin da na koya.

Na farko, girman bututu. A yi amfani da PVC mai inci 2, wato milimita 50. Ƙarami saurin toshewa yake yi da gashi da sabulu.

Na biyu, gangara. Bututu ya riƙa sauka kamar santimita 2 a kowace mita, ka ga in tsawonsa mita 3 ne, ƙarshensa zai yi ƙasa da santimita 6. Kada a auna da ido, a ɗora lebul. Shi ma daɓen ya karkata zuwa bakin magudana.

Na uku, lanƙwasa mai siffar U a ƙarƙashin bakin. Ruwan da ke zama a cikinta ne ke tare warin sokawe da kyankyasai. A zafin Birnin Kebbi na Maris zuwa Mayu, ruwan kan ƙafe idan an daɗe ba a shiga banɗakin ba. In ka dawo hutu ka ji wari, fara zuba bokiti ɗaya kafin ka kira mai gyara.

Na huɗu, haɗi. A yanke bututu a miƙe, a goge ƙura, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a cusa har ƙarshe. Leda da robar taya ba gam ba ne.

Na biyar, gwaji. Toshe ƙarshen bututun, cika shi da ruwa, bar shi ya kwana. In ruwan ya ragu, akwai yoyo. Sannan a buɗe, a kwarara bokiti biyu a ga gudunsa.

Don Allah ruwan ya tafi sokawe, kada a sako shi lungu ya tara sauro ya haɗa ku faɗa da maƙwabta. In Baba ya kira mai aiki, tsaya a kansa har a gama gwajin nan kafin a kwaɓa siminti.