Amsar Tambaya: Yaya waya ke sanin inda nake?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Gaya. Yaya wayata ke nuna inda nake ko babu intanet?

Amsa: Ɗana, wayarka da tsarin GPS take aiki, shi kuwa ba ruwansa da intanet. Taurarin ɗan'adam ne, can sama kimanin kilomita 20,200, ke aiko da saƙon lokaci. Wayarka sai ta kama saƙonnin taurari huɗu aƙalla, ta auna jinkirin isowarsu, ta lissafo matsayinka. Taswirar kaɗai za ka sauke tun da wuri.

Gwada da kanka: tsaya bakin kogi kana hangen gadar Malanville, rubuta lambobin matsayin da wayar ta nuna, ka sake a kasuwa, ka kwatanta. Kada ka raina su. Da irinsu Kotun Duniya ta shata iyakar Nijar da Benin a 2005, ta tabbatar wa Nijar tsibirin Lete.