Kafin Ka Sa Ƙafa a Kogo

Ɗana, an ce mini kai da abokanka kun ɗauki shiga kogon dutse abin shaƙatawa. Ban ga laifinka ba. Ganin ikon Allah ne, kuma ƙuruciya ba ta son zama wuri ɗaya. Amma zauna mu yi magana kaɗan.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ruwa. Ranar 23 ga Yunin 2018, yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang a arewacin Tailan. Ba mugunta ta kai su ba, yawo ne irin naku. Suna ciki aka tsuge da ruwa, hanyar da suka bi ta cika. Sai ranar 2 ga Yuli wasu gwanayen nutso biyu daga Birtaniya suka same su a kan wani tudu. An gama fito da su ranar 10 ga wata. Duk sun rayu, amma Saman Kunan, tsohon sojan ruwa da ya je taimako, ya rasa ransa a cikin kogon. Ka gani, gangancin mutum ba shi kaɗai yake ci ba.

A cikin kogo ba ka ganin hadari, ba ka jin tsawa. Ruwan da ya sauka can kan dutse sai ya tsatso ya iske ka. Don haka ka bar kogo da damina. Sannu ba ta hana zuwa.

Ka riƙe fitila uku, ba ɗaya ba, da batir na ajiya. Tocilar waya ba ta cikin lissafi, wayar ma ba sabis a can. Ka sa hular kwano. Ku tafi ku huɗu aƙalla: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya tsaya da shi, biyu su fita neman agaji.

Jemagu kuma, a bar su su yi barcinsu. Ƙurar kashinsu tana kawo ciwon huhu, kuma an alaƙanta cutar Marburg da kogon Kitum na Kenya tun 1980.

Ka fara da wuri mai sauƙi, kamar kogon Marshall da ke Yankari a Jihar Bauchi, tare da jagora. Kuma duk ranar da za ka fita, ka gaya wa mahaifiyarka sunan wurin da lokacin da za ka dawo. In lokacin ya wuce, ta san inda za ta tura mutane.