Rufin Santsi A Kan Robar Da Ke Shiga Jijiya

Mutumin Kpakungu da ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a Babban Asibitin Minna ya san siririyar robar nan da ake zura wa majinyaci a jijiya domin ƙarin ruwa ko ƙarin jini. Akwai kuma dogaye waɗanda ake turawa har kusa da zuciya, da na wankin ƙoda.

Jini ba ya son baƙo. Da zarar roba ta shiga jijiya, cikin 'yan daƙiƙoƙi sai wasu sinadarai na jini su manne mata, sa'an nan ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su taru a kansu, har gudan jini ya haɗu. Gudan yakan toshe robar. Wani lokaci kuma yakan ɓalle ya bi jini zuwa huhu, abin da kan jawo ajali.

A 1960 masana biyu na ƙasar Chekoslobakiya ta dā, watau Otto Wichterle da Drahoslav Lim, suka bayyana wata roba mai shan ruwa ta riƙe shi ba tare da ta narke ba, wadda Turawa ke kira haidirojel. Yau akan shafa irinta, siririya ƙwarai, a bayan wasu robobi da wayoyin da ke shiga jijiya (ba duka ba, gama tana ƙara tsada). In ta jiƙe sai ta yi yauƙi kamar kuɓewa. Robar ta wuce ba ta kankare bangon jijiya ba, sinadaran jini kuwa su tarar da ruwa-ruwa, mannewarsu ta ragu.

Amma rufin nan yana iya saɓulewa. A 2015 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ɓarɓashinsa kan shiga jini ya toshe ƙananan jijiyoyi. Wanki da tafasawa suna lalata shi, ga kuma haɗarin ciwon hanta da ƙanjamau idan aka maimaita roba.

Saboda haka, jama'a, in an aike ku sayen irin wannan kaya, ku duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Kada ku karɓi wanda ledarsa ta yage. Lalle a buɗe sabo a gabanku. In kuwa wurin robar ya kumbura ko ya yi zafi, a sanar da nas nan da nan.