Ƙwai da Burodi a Indiya: Darasi Kan Hawan Sukarin Jini

A birnin Mumbai na ƙasar Indiya akwai wani abincin bakin titi da ake kira "anda burji". Ƙwai ne ake kaɗawa, a soya da albasa da tumatir da barkono. Ana cinsa da ɗan farin burodi mai laushi, wato "pav", a kora da shayi mai madara da sukari. Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi ya san ɗan'uwan wannan abinci. Ga daɗi, ga araha. Amma a shekarar 2023 wani babban bincike ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 101 ne ke da ciwon sukari a Indiya. Saboda haka ya kamata mu san abin da wannan abinci ke yi a jiki.

Ina laifin yake?

Ba a ƙwan yake ba. Sitacin da ke cikin ƙwai ɗaya bai kai giram 1 ba. Farin burodi kuwa an cire dusar alkamarsa, shi ya sa hanji ke saurin mayar da shi sukari. Sannan kowane ƙaramin cokalin sukari a shayi yana ƙara giram 4. Sinadarin insulin ne ke kwashe sukari daga jini zuwa cikin tsoka da hanta. In ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru. Ga mai lafiya, awa 2 bayan cin abinci awon jini ba ya kai 140. Mai ciwon sukari kuwa ana son nasa ya tsaya ƙasa da 180. Yawan wuce haka, shekara da shekaru, yana lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Abin yi

1. Rage burodin. Wanda ya saba cin "pav" uku, ya koma ɗaya. Capati na garin alkama da ba a cire wa dusa ba ya fi.
2. Fara da ƙwan da ganye, burodin ya zo daga ƙarshe. Haka yana jinkirta shigar sukari cikin jini.
3. Sha shayi ba sukari, ko ruwa kawai.
4. Yi tafiyar ƙafa ta minti 10 zuwa 15 bayan an gama. Tsoka mai aiki tana jan sukari daga jini.
5. Mai shan magani kada ya daina, kada kuma ya ƙi cin abinci, domin faɗuwar sukari ma haɗari ce. Ya nemi shawarar likita.

Ɗalibai, ku kai wannan darasi gida wurin iyaye da kakanni. Jiki amana ce da Allah ya ba mu, kamun kai a gaban abinci kuwa yana cikin riƙon wannan amana.