Darasin Kimiyya: Ƙarkon Katin Memori da Cin Wutarsa

Ɗalibai, ku dubi abin da ke tafin hannuna. Wannan shi ne memorin da ake kai wa masu turi su cika shi da karatu, wa'azi ko waƙoƙi, a saka a waya ko a rediyo. Sunansa microSD. Tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11, kaurinsa 1 kacal. Wansa, babban SD na kyamara, kamfanonin SanDisk, Panasonic da Toshiba ne suka fito da shi a 1999. Yau za mu ga yadda yake riƙe bayani alhali babu batir a cikinsa, sannan mu ga abin da ke kashe shi.

Wani injiniyan Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, shi ya ƙirƙiro fasahar riƙe bayanin, kuma a 1987 ya gabatar da nau'in NAND wanda katunan yau ke aiki da shi. A cikin katin akwai biliyoyin ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowanne kewaye da siririyar katanga da lantarki ba ya ratsawa. Idan za a rubuta bayani, sai a tura ƙwayoyin lantarki, wato ilektaron, da ƙarfi har su keta katangar su faɗa ciki. Da an daina turawa, sun maƙale ke nan. Wajen karatu kuwa, auna yawan waɗanda ke cikin ɗakin ake yi, a fassara shi zuwa sifili ko ɗaya. Shi ya sa ko kun zare katin kun jefa a aljihu, bayaninku yana nan daram.

Tun da babu abin da ke juyawa ko motsi a cikinsa, faɗuwa da girgiza ba su cika yi masa illa ba. Rubutu ne ke cinye shi. Duk lokacin da ilektaron suka keta katangar, shiga ko fita, sai sun bar mata ɗan rauni, har wata rana ta kasa riƙe su. Ɗakin da ke ɗauke da lamba ɗaya tak yana iya jure rubutu da shafewa kusan sau 100,000. Katunan da muke saye da araha kuwa, lambobi uku ake cusa wa kowane ɗaki, don haka juriyarsu ba ta wuce 'yan dubbai. Ga kuma wata matsala: ba a shafe ɗaki guda shi kaɗai, sai dai rukuni sukutum, tamkar allon da ba a gyara harafi ɗaya sai an wanke shi duka. Saboda haka aka sa wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikin katin, tana rarraba rubutu ko'ina don kada wani sashe ya riga saura lalacewa. To, memorin da ke cikin rediyon kaka, wanda sauraro kawai ake yi, zai daɗe. Wanda aka saka a kyamarar tsaro yana rubutu dare da rana, shi ne mai gajeren kwana, kuma akwai katuna na musamman da ake yi don irin wannan aiki.

Mu koma kan wuta. Katin yana jan volt 2.7 zuwa 3.6 daga na'urar da aka saka shi. Idan yana zaune kawai, abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Wajen rubutu ya fi ci, domin sai ya haɓaka wutar a cikinsa ta kai kusan volt 20 kafin ilektaron su keta katanga. A wannan lokacin ne 'yar ƙwaƙwalwar ke sabunta taswirar inda kowane bayani yake. Idan aka fizge katin ko batir ya mutu ana tsakar haka, taswirar na iya dagulewa, sai waya ta ce a shafe komai. Ina roƙonku, ku riƙa umartar waya ta saki katin kafin ku zare. Zafi ma abokin gaba ne, domin yana sa ilektaron su sulale da sauri. Kada a bar kati a gaban mota cikin ranar bazara, kuma hotunan da ba ku son rasawa ku ajiye kwafinsu a wani wuri.

Yanzu ku karanta jikin katin. SDHC na 2006 yana kaiwa gigabait 32, SDXC na 2009 yana kaiwa terabait 2, amma tsarin jera fayilolinsu ya bambanta, abin da ke sa tsohon rediyo ya ƙi karanta kati mai gigabait 64. Lamba 10 a cikin harafin C tana nufin aƙalla megabait 10 a daƙiƙa wajen rubutu, U3 ko V30 kuma 30. Ɗan makullin da ke gefen babban SD ba a haɗa shi da komai a ciki ba, na'urar ce ke duba inda yake ta fasa rubutu.

Aikin gida: kowa ya kwafo alamomin da ke jikin wani memori a gidansu, ya lissafa daƙiƙa nawa zai ɗauka kafin ya karɓi fim mai megabait 900.